Benci Na Bakwai

"Ya shiga mitin," in ji sakatariyar, ba tare da ta ɗago kai daga kwamfuta ba.

Biro ya dubi agogon bango: goma saura kwata. Tun takwas da rabi yake zaune a kujerar baƙi, jakar takardu a kan cinya, ƙafarsa ta dama tana ta rawa ita kaɗai kamar ta tela a kan keke.

"Mitin ɗin ɗazu ne, ko wani sabo aka haifa?"

"Wani ne."

"'Yar'uwa, ki taimaka. Ba aiki na zo nema ba, ba kwangila ba. Hannu kawai zai sa mini a takarda, ko a tsaye ma ya isa. Ki ce masa Biro ne, ajinmu ɗaya a jami'a."

Sai a lokacin ta ɗago. Ta dube shi daga takalmi zuwa wuyan riga, irin kallon wadda ta saba jin cewa rabin garin nan ajinsu ɗaya da Darakta. Ta ce za ta faɗa, ta koma kan aikinta.

Takarda ɗaya ce tal a cikin jakar, ita ce kuma ta hana shi sakat sati biyar. Jami'arsu tana da wata lambar yabo da take bai wa ƙananan ma'aikatan da suka yi ritaya. Lambar kanta ba wani abu ba ce, katako ne aka goge aka manna masa ƙarfe. Abin da ke biye da ita shi ne magana: katin asibitin jami'a, likita da gado da magani, har ƙarshen rayuwa. Sharaɗin kuwa ɗaya ne. Mutum talatin daga aji guda na waɗanda suka kammala su sa hannu a takarda guda, kowa da hannunsa, babu gogewa, babu karcewa, a kai ta ofishin rajista kafin ƙarfe huɗu na ranar rufewa. Yau ce ranar rufewa, Biro kuma yana da ashirin da biyu.

Wanda ake nema wa katin shi ne Baba Ƙirga, tsohon mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na sashen kimiyyar sinadarai. Shekara talatin da biyu yana wanke kwalabe, yana auna hoda, yana kashe wutar da ɗalibai suka tayar da sakacinsu. Yanzu ciwon suga ya ci ƙarfinsa, gyambon da ke ƙafarsa ta hagu ya ƙi warkewa tun bara, har likita ya fara jan 'yarsa gefe yana yi mata maganar yankewa.

Ranar da Biro ya kawo zancen a zauren ajinsu na waya, ba a taɓa ganin ruwan hoton babban yatsa irin na ranar ba. Zauren dama ba ya hutawa. Wane an ƙara masa girma, wance ta zama farfesa, ɗan wane ya tafi karatu waje, sai barka ta biyo barka, kowa yana alfahari da kowa har wayar mutum ta yi zafi. Mutum arba'in da ɗaya suka ce suna tare da Baba ɗari bisa ɗari. Sai da aka zo maganar riƙe alƙalami Biro ya gane cewa babban yatsa ya fi sauran yatsu sauƙin ɗagawa.

Wayarsa ta yi ƙara. Darakta ne, daga bayan ƙofar da ke gabansa.

"Biro na kaina! Wallahi mutanen nan sun ƙulle ni, daga nan kuma sai filin jirgi. Kai ma dai da neman wahala. Sa mini mana."

"Ban gane ba."

"Ka gane sarai. Shekara huɗu wa yake sa mini hannu a laccar ƙarfe bakwai? Kuma in ma za su duba, ai tsohon fayil ɗinmu za su ɗauko. Ni ko a mafarki ba zan iya wancan hannun ba yanzu, na canza sau uku. Kai kaɗai ka rage a duniya da ya iya sa hannuna na asali."

"Na daina wannan tuntuni. Leƙo ƙofa kawai, ga ni nan, taku biyar ne."

"Na ba ka izini, duniya da lahira. Ka gaishe mini da Baba, ka ce ranar biki ina sahun gaba."

Layin ya mutu. Biro ya tsaya yana kallon ƙofar, ransa yana tafasa. Shi ne fa mataimakin shugaban makarantar sakandare, mai kula da jarrabawa. Zangon da ya wuce ya kori yara biyu na sati biyu don ɗaya ya sa wa ɗaya hannu, iyayensu suka zo har da kuka bai ko gezau ba. Ya miƙe ya fita, bai yi wa sakatariyar sallama ba.

Kasuwa ta riga ta cika lokacin da ya sauka daga bas. Ya kutsa ta layin masu kayan gini yana rungume da jakar a ƙirji, yana kauce wa masu tura baro da bututun roba da aka jingine har kan hanya. Shagon Mai Fenti yana can ƙarshen layin. Ita ce ta fi kowa maki a ajinsu, ta fi Darakta nesa ba kusa ba, amma ba a taɓa sa hotonta a zaure an ce ana alfahari da ita ba, ita kuma ko a jikinta. Ya same ta durƙushe gaban bokiti tana juya fenti da sanda, wani magini a tsaye a kanta yana rantsuwa ba wannan shuɗin ya ce ba.

"Shi ne, malam, jira ya bushe ka gani. A'a, Biro! Yau an bar 'ya'yan mutane sun huta ke nan?"

"Wanke hannunki tukuna. Ɗigo ɗaya ya taɓa takardar nan mun shiga uku."

Ta wanke da kananzir, ta sake da sabulu, ta goge da tsumma, ta ɗaga masa yatsun ya duba kamar malamin tsafta. Ya shimfiɗa takardar a kan kwali. Ta rubuta sunanta da tsohuwar lambarta ta ɗalibi, ta sa hannu a hankali.

"Saura nawa?"

"Bakwai."

"Su wa da wa?"

Ya lissafo mata. Darakta yana mitin. Ɗaya ta tafi taro a wani gari, wai ta ɗauka jibi ne rufewa. Ɗaya motarsa ta mutu a hanya. Ɗaya yana jiran minista. Biyu wayarsu tana shiga ba a ɗauka. Sai Mai Magani na asibiti, shi dai ya san inda zai same shi.

"Duk abu ɗaya suka ce maka, ko? Ka sa musu?"

"Kamar sun haɗa baki."

Ta yi tsaki, ta rufe bokitin da tafin hannu. "Ni ba zan ce ka yi ba. Na san dalilinka, a gabana aka yi komai. Amma na je gidan Baba shekaranjiya, na sa 'yarsa ta kwance mini bandejin na gani da idona. Biro, ƙafar nan ba za ta jira baɗi ba."

Biro ya mayar da takardar. Ya zuge jakar, maginin kuma ya koma kan maganar shuɗinsa.

Bas ɗin asibiti ya yi tafiyar minti goma ya faɗa cunkoso. Direba ya kashe inji. Zafi ya taso daga ƙasan mota, wata mata tana fifita da kwalin magani, wani yana faɗa da wani ta waya kan buhun siminti. Biro ya kira mutum biyun nan, ba su ɗauka ba. Ya sake kira. Ya dubi agogon hannunsa sau uku a cikin minti ɗaya, kamar zai kama shi yana ƙarya. Da ya rasa abin yi, sai tunanin da yake gudu tun safe ya same shi a zaune.

Ba don yana sayar da biro aka sa masa sunan ba. Wata baiwa marar amfani Allah ya yi masa: in ya ga mutum ya sa hannu sau ɗaya, shi ke nan, ya ɗauke. Ya haddace jerin ajin, mutum hamsin da biyu, suna da lamba, har yadda kowa ke karkata rubutunsa. Ranar da aka tashi da ruwan sama yakan zama mutum tara shi kaɗai a takardar sunayen waɗanda suka halarta. A jerin, Darakta ne na sha shida, Latti na sha bakwai, kuma da yake dukkansu ba sa ga maciji da safiya, hannunsa ya saba yin su a jere, a numfashi ɗaya.

Latti amininsa ne, abokin zamansa a benci na bakwai a ɗakin gwaje-gwaje. Bai taɓa shiga aji kafin malami ba, amma bai taɓa ƙin zuwa inda aka kira shi ba, ko da an tashi ne zai iso yana haki yana ba da haƙuri. A shekarar ƙarshe ya ce wa Biro, "Zan je gida kwana biyu, ka riƙe mini." Biro ya riƙe. Kwana biyu suka zama sati, sati ya zama biyu, shi dai yana ta riƙewa, yana jin kansa aboki na ƙwarai. Dokar sashen ita ce duk wanda ya rasa gwaji biyu a jere a kai sunansa ga shugaban sashe a neme shi. Takarda kuwa ta ce Latti bai rasa ko ɗaya ba.

Baba Ƙirga ne kaɗai bai taɓa yarda da takarda ba. Kawuna yake ƙirgawa, da yatsa, leɓensa yana motsi, daga nan sunan ya samo asali. A sati na biyu ya tsaya a benci na bakwai ya ce, "Ina abokinka?" Biro ya ce ya zaga bayi. A sati na uku tsohon bai tambaya ba. Ya kama shi a wuyan hannu bayan an tashi, ya ce, "Kai ni ɗakinsa."

Latti bai je gida ba. Zazzaɓi ne ya kayar da shi a ɗakin hayarsa da ke bayan tashar mota, a lokacin da waya ba ta shiga aljihun kowa ba. Gida sun ɗauka yana makaranta, makaranta ta ɗauka yana benci. Baba Ƙirga ne ya ɓalle ƙofar da kafaɗa, shi ya goya shi har bakin titi. Latti ya kwana huɗu a asibiti ya cika. Likita ya ce da an kawo shi kwana goma da suka wuce, da wata maganar ake yi. Tsohon bai kai ƙara ba, bai ko ɗaga wa Biro murya ba, ya dai ɗauki takardar sunayen ya jefa a durowa ya kulle. Shekara ashirin da uku ke nan, kuma tun ranar Biro bai ƙara sa wa wani hannu ba. Ko matarsa ce ta ce ya sa mata a takardar makarantar yara sai ya bi ta har kicin da alƙalami, tana yi masa tsiya wai ta auri alƙali.

Inji ya tashi, motar ta ja jiki. Ƙarfe ɗaya da kwata.

A asibiti layin karɓar magani ya kai har bakin matakala. Biro ya bi gefe ya nufi tagar, nan take aka yi masa ca.

"Malam, mu nan gumaka ne?"

"Ba magani zan karɓa ba, wallahi."

"Kowa haka yake cewa!"

Mai Magani ya hango shi ta cikin gilashi, ya ɗaga masa hannu alamar ya jira, ya ƙirga wa wata tsohuwa ƙwayoyi, ya yi mata bayani sau biyu, ta ce ya sake. Biro ya ji kamar ya fasa ihu. Daga ƙarshe ya tura takardar ta ƙarƙashin tagar, yana riƙe da gefenta bai saki ba. Mai Magani ya sa hannu a gurguje.

"Ya cika?"

"Saura shida."

"Shida? A wurinka ai wannan aikin minti biyu ne." Ya yi dariya, sai kuma ya ga fuskar Biro, dariyar ta tsaya. "Yi haƙuri. Allah ya jiƙan Latti. Na gaba!"

Ƙarfe uku da 'yan mintuna tasi ta ajiye shi a ƙofar jami'a. A hanya mutum biyun nan sun tuna suna da waya. Ɗaya ya turo saƙon murya mai tsawo, rabinsa gaisuwa, ƙarshensa "ka sa mini kawai, ai kai ne." Ɗayar ta rubuto kalma uku da hoton hannu biyu a haɗe. Shida cif, dukkansu da izini.

Jami'ar tana ta shirin bikin yaye ɗalibai. An shafa wa duwatsun bakin titi farin fenti, ɗalibai sanye da rigunan kammalawa suna ɗaukar hoto a gindin kowace bishiya, iyaye na gyara musu hula. A jikin sandunan fitila an rataye manyan kyallaye masu hotunan tsofaffin ɗaliban da suka yi fice. Na uku Darakta ne, kansa kaɗai ya fi Biro tsawo, yana murmushi ya harɗe hannuwa a ƙirji. Biro ya wuce ta ƙarƙashinsa da sauri.

Ba ofishin rajista ƙafarsa ta nufa ba. Ya tsinci kansa a bayan tsohon ginin sashensu, wanda aka rufe tun da aka gina sabo. An sa wa ƙofar ɗakin gwaje-gwajen kwaɗo, an tara karyayyun kujeru a baranda. Ya goge gilashin taga da gefen hannu ya leƙa. Bencinan suna nan a jere yadda ya san su, famfunan sun yi tsatsa, lambobin da Baba Ƙirga ya rubuta da jan fenti ba su goge ba.

Waya ta yi ƙara. 'Yar Baba ce.

"Yaya, kana ina? Muna ofishin rajista fa."

"Kuna ina? Ban ce ku zauna a gida ba?"

"Ya ƙi. Ya ce ba a yi wa mutum abu yana kwance. Da ƙyar muka hau matakalar, ƙafar har ta jiƙa bandejin. Yaya, matar nan ta ce huɗu daidai take rufewa. Sun cika dai ko?"

Ya ji numfashinta a cikin wayar, tana jira. Uku da rabi saura biyu.

"Sun cika," ya ce. "Ga ni nan."

Ya busa ƙurar dakalin tagar, ya shimfiɗa jakar, ya ɗora takardar a kai. Ya cire murfin alƙalami da haƙori. Ya ɗauka zai manta. Ya so a ce ya manta. Amma da bakin alƙalamin ya taɓa layi na ashirin da biyar, sai hannun ya kama hanya, kamar dama jira yake. Ya bi su bisa tsohon jerin aji don kada ya rikice: na uku mai rubutu a kwance, ta biyar mai zagaye sunanta, na tara, ta sha ɗaya, na sha huɗu mai ɗigo biyu. Suna, lamba, hannu. Suna, lamba, hannu. Wayar tana ta kuka a aljihu, zufa tana shiga masa ido, wasu ɗalibai suna shewa a bayan ginin. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne daɗin da ya ji, irin na wanda ya koma kan keke bayan shekaru ya tarar ƙafa ba ta manta ba. Ya yi na Darakta da ƙatuwar jelarsa, hannun ya ci gaba da gudu, ya ɗago, ya tura takardar a jaka, ya ruga.

Huɗu saura minti tara ya shigo ofishin rajista yana haki. Baba Ƙirga yana zaune a bencin jira, ya miƙe ƙafar a kan kwali, sanda a tsakanin cinyoyinsa. Ya rame har kunnuwansa sun yi girma. 'Yar tana tsaye a gefensa da leda a hannu. Biro ya rusuna musu a tsaitsaye ya wuce kanta.

Ma'aikaciyar ta riga ta rataya jakarta a kafaɗa. Ta karɓi takardar, ta ɗaga ta sama ta duba ko akwai gogewa, sannan ta bi layukan da bayan alƙalami tana ƙirgawa.

"Ashirin da tara, talatin, talatin da ɗaya. Ka ga mutanen kirki, har da gyara. Shekara uku rabona da ganin ajin da ya cika talatin."

"Talatin dai," in ji Biro.

"Da ɗaya, malam. Ni ƙirga ce aikina."

Ta juyo masa da takardar. A ƙarƙashin jelar Darakta, a layi na talatin da ɗaya, ga sunan nan da ƙananan haruffa masu jingina da juna, ga lambar, ga sa hannun mai lanƙwasa a ƙarshe kamar ƙugiya. Tawadar ma ba ta gama bushewa ba. Sunan Latti ne.

Ba a gogewa, ba a karcewa. In ya buɗe baki, takardar ta mutu gaba ɗayanta, da ashirin da huɗun da suka sa da hannunsu. Ma'aikaciyar ta danna hatimi a tawada ta ɗaga shi.

"Akwai matsala ne?"

Ya waiwaya. Bandejin ya yi rawaya a wajen diddige, ƙuda ɗaya yana zagaya shi, 'yar tana korarsa da ledar.

"Babu," ya ce.

Hatimin ya sauka. Ta rubuta kwanan wata da lokaci, ta shiga ciki ta fito masa da kwafi.

"Nan da sati uku ne bikin. Ka gaya wa mutanenka su zo da wuri, kujerunku a gaba suke, kowa da sunansa a manne. Kafin a miƙa lambar ana kiran duk wanda ya sa hannu ɗaya bayan ɗaya, ya amsa, ya miƙe a gan shi. Shugaban jami'a yana son wannan wurin sosai." Ta ja labulen tagar.

'Yar ta rufe fuska da gyale tana kuka tana dariya. "Yaya, Allah ya saka. Allah ya raya maka zuri'a. Baba, ka ji? An karɓa."

"Na ji," in ji tsohon. Ya miƙo hannu. "Mu gani."

Biro ya so ya ce ai ba sai ya wahalar da idonsa ba, amma ba a taɓa hana Baba Ƙirga takardar sunaye ba. Ya miƙa masa, ya durƙusa a gaban bencin. Tsohon ya kai ta dab da hanci, ya ɗora yatsa a layin farko, ya fara gangarowa, leɓensa yana motsi. A wasu sunayen yakan yi murmushi. A na Mai Fenti ya ce, "Wannan ba ta taɓa fasa mini kwalba ba." Ya ci gaba har ya kai inda ya kai.

"Ashirin da huɗu suka zo," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Daga nan zuwa ƙasa mutum ɗaya ne. Har yanzu kana danne alƙalami in za ka ɗaga."

Biro ya sunkuyar da kai. Yatsan ya ci gaba da sauka a hankali, ya wuce Darakta, ya tsaya. Ya daɗe a wurin. Fankar silin tana juyawa, a waje wani yana gwada lasifika yana ƙirga ɗaya, biyu.

"Wannan fa?"

"Baba, hannuna ne ya wuce. Wallahi ban sani ba sai da ta ƙirga. Na kuma ga hatimin a sama, na yi shiru. Wannan da sanina na yi."

"Na ga lokacin da ka waiwayo."

'Yar ta dubi wannan ta dubi wancan. "Wani abu ya faru ne? Wane ne?"

"Wani yaro ne na benci na bakwai," in ji tsohon. Ya shafa sunan da babban yatsa, kamar mai share ƙura. "A cikin bakwai ɗin nan na ƙasa, shi kaɗai na tabbata da yana da hali da ya zo da ƙafarsa. A makare, amma zai zo."

Biro ya fashe da kuka. Ya kifa goshi a gefen bencin, kafaɗunsa suna girgiza, mutum mai shekara arba'in da bakwai, a gaban ofishin mutane. Tsohon bai rarrashe shi ba. Ya ninke kwafin gida huɗu ya sa a aljihun gaba, ya jira har ya lafa.

"Ka ji abin da matar nan ta ce? Za a kira sunaye."

"Na ji, Baba."

"In aka zo kansa, kada ka amsa masa. Kada ka ajiye jakarka a kujerar, kada ka ce wani ya matso ya cike wurin. Ka bar ta yadda take."

"Za a ji shirun. Rabin ajin sun san ya rasu. Za su tambaye ni, Baba, a gaban kowa. Ni da kai duka za mu iya rasawa."

"Su tambaya," in ji tsohon. "Wancan karon ai tambayar ce ba a yi ba."

Ya dogara sandar a ƙasa, ya ɗaga ɗayan hannun. "Tashe ni, kafin su kulle mu a ciki."

Biro ya shiga ƙarƙashin hammatarsa, 'yar ta kama ɗaya gefen. Bai kai nauyin da ya zata ba. Suna kai bakin matakala wayar ta fara zuga a aljihunsa, saƙo kan saƙo, zaure ya ji labari ko kuma wani ne aka sake ƙara wa girma. Ba shi da hannun da zai ciro ta. Suka fara sauka a hankali, ƙafa mai lafiya a gaba, tsohon yana ƙirga matakalar a ƙasan numfashinsa.